Ƙwarya a Bakin Ƙofar Halwa

A ƙarshen shekarar 1973, wadda dattawan ƙasarmu ba su ambatonta sai sun haɗa da neman tsari, domin ita ce shekarar da damina ta yi rowa har gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, shanu kuma suka riƙa faɗuwa a bakin mashaya, baffana, wanda nake hannunsa riƙo a Tambuwal tun ina ƙarami, ya ƙudura niyyar shiga halwa ta kwana 40. Malamin zaure ne, Baƙadire, wanda sunansa bai wuce unguwarmu ba. Yakan biya wa almajirai Ahalari da Iziyya da Risala bayan sallar Asuba, in hantsi ya yi kuwa ya saɓa fartanyarsa kamar kowa. Ya zaɓi ya shiga ran ɗaya ga Zulƙida ya fito da safiyar Babbar Salla, saboda abin da malaman tafsiri suka faɗa cewa waɗannan su ne darare 40 na alkawarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a kan dutsen Ɗuri Sina. Akwai wani ɗan ɗakin laka a ƙuryar gida, bayan rumbuna. Shi aka share, aka shimfiɗa buzu, aka ajiye buta da tulu, aka toshe tagar da tsumma saboda hunturu da haske, aka saki tufaniya a ƙofa.

Aikina a cikin al'amarin ƙarami ne, amma ni kaɗai aka ɗora wa shi. Kullum in an idar da Magariba, Inna, watau matar baffa, takan miƙo mini ƙwarya rufe da faifai, cikinta fura ce damammiya da ruwa zalla, gama sharaɗin halwar ya hana nono da nama da duk abin da ya fito daga mai rai. In tafi da ita da sanɗa, in ajiye a bakin ƙofa, in yi gyaran murya sau ɗaya ba tare da sallama ba, in ɗauki ta jiya in juyo. Ranar Juma'a kaɗai yake fitowa, ya lulluɓe kansa da mayafi, idonsa a kan yatsun ƙafarsa, ya tafi masallaci ya komo ba wanda ya ji muryarsa. Abin da ban lura da shi ba a lokacin, sai bayan da na girma na san ciwon cefane, shi ne inda geron furar nan yake fitowa. Rumbun ya riga ya yi ƙasa tun kafin hunturu ya kama sosai, Inna kuwa ita ke shiga ta auno, kuma dare nawa ne ta ce mana ita ta riga ta ci, alhali ba mu ga ta kai hannu baka ba. Sau ɗaya tak na ji ta yi magana a kan lamarin, wata maƙwabciya ta leƙo tana tambayar lafiyar Malam, ta amsa mata tana daka, ba fushi ba dariya: "Malam na can na ganawa da Ubangijinai, mu kau muna nan muna ganawa da turmi."

Tun daga sa'ad da na fahimci wannan, duk lokacin da na karanta labarin wani bawan Allah da ya ƙaurace wa mutane ya kame bakinsa don neman kusanci, ko Musulmi ne ko Kirista, kafin in tambayi abin da ya gani ko abin da aka buɗe masa, nakan tambayi wanda yake kai masa ƙwarya.

Bahaushe, bisa ɗabi'arsa, ba ya sakin jiki da mai kaɗaici. Shi ne ya ce mutum rahama ne, shi ne kuma in ya ga wani ya daina zama dandali, ya daina zuwa suna da jana'iza, zai fara raɗa cewa ko dai taɓin hankali ne, ko girman kai, ko kuwa akwai abin da yake ɓoyewa. Amma wannan Bahaushen dai shi ne ya ce baki shi ke yanka wuya, ya ce magana zarar bunu ce, ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Watau yana son mutum ya yi shiru, amma ya yi shi a cikin jama'a, inda za a gan shi a yaba masa da kawaici. Shirun da aka rufe wa ƙofa kuwa sai malami ake ɗaga wa ƙafa a kansa, shi ma don ana kyautata zaton zai fito da wani abu a hannu.

Wanda yake so ya ga iyakar inda ɗan Adam ya kai wannan al'amari, lalle ne ya dubi tarihin Nasara, domin su ne suka mai da shiru da kaɗaici sana'ar rayuwa, suka gina mata gidaje, suka rubuta mata dokoki. Asalinsa a wurinsu Linjila ce, inda aka ba da labarin Almasihu ya yi kwana 40 a jeji yana azumi, Iblis yana jarraba shi, da kuma yadda yakan sulale tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a, har almajiransa su bi sawu suna nemansa. A kan wannan ne wani Bakibɗe mai suna Antoniyo, wanda aka haifa a Masar wajen shekarar 251, ya rabar da gonakin gadonsa, ya fita bayan gari, daga baya ya ƙetare kogin Nilu ya shiga wani kangon sansanin soja ya toshe ƙofa, ya yi kusan shekara 20 a ciki ba ya fita, ba ya kuma barin a shigo. Mai ba da tarihinsa, Atanasiyo babban limamin Iskandariya, ya zuba hikima wajen siffanta yaƙinsa da shaiɗanu, ya ambata kuma a taƙaice, kamar abin da ba shi da muhimmanci, cewa sau biyu a shekara ake zuwa a zura masa gurasa ta saman rufi. Bai faɗi sunayen masu zurawar ba. Shekara 20 kenan wasu mutane suna noma alkama, suna niƙa, suna toyawa, suna ɗaukowa a ka su ratsa rairayi, don wani ya sami sararin yin shiru.

Da masu koyi da shi suka yawaita, har hamadar Masar ta cika da bukkoki, sai manyansu suka gane cewa kaɗaicin da ba shi da linzami yakan haukata mutum ko ya kumbura shi. Saboda haka Pakomiyo, wanda tsohon soja ne, ya tara su gida guda ƙarƙashin shugaba guda, kowa da aikin hannunsa. Bayansa, a ƙarni na 6, Benedikti na ƙasar Italiya ya rubuta ƙa'idar da mafi yawan gidajen ruhubanawan Turai suka bi, inda aka hana magana daga addu'ar ƙarshe ta dare har gari ya waye, aka sa mutum guda ya riƙa karatu a bayyane lokacin cin abinci sauran suna saurare, wanda yake bukatar wani abu ya yi ishara da hannu. Shi Benedikti bai yarda sabon shiga ya tafi jeji shi kaɗai ba, sai wanda ya daɗe yana goguwa da 'yan'uwa har aka san haƙurinsa. Ko waɗanda suka fi kowa tsanani, watau jama'ar da Buruno ya kafa a duwatsun Faransa a 1084, waɗanda kowannensu ke zaune a ɗakinsa shi kaɗai yawancin rayuwarsa, in ka dubi ginin ɗakunansu za ka ga wata 'yar taga a gefen ƙofa, wadda ta nan wasu 'yan'uwa masu hidima suke turo abinci ba tare da an ga juna ba. Kuma sau ɗaya a mako dole ne su fita yawo tare su yi hira. Da na fara jin labarin tagar nan sai da na yi murmushi, gama na san ta, na yi mata aiki kwana 40. Wannan tafarki bai tsaya a ƙetare ba: Fada Tansi, mutumin Aguleri a ƙasar Ibo, ya bar limancin jama'a ya shiga gidan masu shiru a Ingila a 1950, a can ya rasu a 1964.

Alƙur'ani mai girma bai jahilci waɗannan mutane ba. A cikin Suratul Ma'ida ya yabi malamansu da ruhubanawansu da rashin girman kai, a cikin Suratul Hadidi kuwa ya bayyana cewa ruhubananci abu ne da suka ɗora wa kansu ba a wajabta musu ba, kuma ba su tsare shi yadda ya cancanta ba. Masu sira ma sun kawo labarin Bahira, rahibin Busra a ƙasar Sham. Saboda haka Musulmin da ya tsaya ya dubi abin da suka gano a cikin ɗakunansu bai yi wani abin kunya ba, hikima kuwa ɓataccen kayan mumini ce.

To, me suka gano? Abu na farko, wanda kuma duk suka yi ittifaƙi a kansa, shi ne cewa rufe baki shi ne mafi sauƙin aikin. Wani malaminsu, Ibagiriyo, wanda ya rasu a hamadar Masar a 399, ya ƙididdige tunani iri 8 da ke kai wa mai kaɗaici farmaki, ya kuma tsaya a kan guda ɗaya da yake zuwa da tsakar rana, wanda yake sa mutum ya ga rana ta ƙi tafiya, ya riƙa leƙen taga ko wani zai zo, ya tsani ɗakinsa da aikinsa, ya fara raya wa kansa cewa a wani wuri dabam zai fi samun Allah. Duk wanda ya taɓa zama i'itikafi ya kai rana ta huɗu, tsakanin hantsi da Azahar, ya san wannan baƙo ko da bai san sunansa ba. Malamanmu na tasawwufi sun bi ta wannan hanyar da nasu ma'auni, suka kasa abin da ke ɗarsuwa a zuci kashi huɗu, na Ubangiji da na mala'ika da na son rai da na Shaiɗan, suka ce muridi ba ya iya rarrabe su shi kaɗai, domin na huɗun yakan zo sanye da rigar na farko. Shi ya sa suka hana shiga halwa ba da izinin shaihi ba. Na taɓa tambayar baffa, bayan shekaru, ko ya ji daɗin shirun da ya samu a ɗakin nan. Ya dube ni ya ce: "Wane shiru, ɗana? Ran da niy yi shiru, ran nan nij ji kasuwad da ka ci cikin kaina." Ya ce tsofaffin husumomi da ya ɗauka ya yafe, da bashin da ake binsa, da wata magana da wani ya yaɓa masa shekara 30 da suka wuce, duk suka zo suka baje kolinsu, kuma sai da ya yi fiye da rabin kwanakin kafin kasuwar ta fara watsewa. Amfanin shiru na farko kenan, ya gwada wa mutum abin da hayaniya take rufe masa. Kuma abin da yakan gani ba safai yake da daɗin kallo ba.

Inda tafarkin Musulunci ya rabu da na ruhubanawa shi ne wajen wa'adi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana keɓewa a kogon Hira darare masu yawa kafin wahayi, kuma hadisin da ya ba da wannan labari bai manta da ƙwarya ba, gama ya faɗa cewa yakan komo wurin Nana Hadiza ya ɗauki guzuri ya koma. Amma bayan aike bai koma kogo ba. Da ya ga wani sahabi, Abu Isra'ila, ya yi bakance zai tsaya cikin rana, ba zai zauna ba, ba zai yi magana ba, yana kuma azumi, sai ya umarta ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa kawai. Azumin magana irin na Nana Maryamu, da shirun kwana uku na Annabi Zakariyya, na shari'ar da ta gabata ne. Abin da aka bar mana shi ne i'itikafi, shi ma a mazhabar Imamu Malik an kewaye shi da sharuɗɗa: sai da azumi, sai a masallaci, in kuma Juma'a za ta faɗo a cikin kwanakin to sai a masallacin Juma'a. Watau kaɗaicin da shari'a ta yarda da shi an dasa shi ne a tsakiyar jama'a, a gidan da ake cika sau biyar a yini. Halwar kwana 40 kuwa ijtihadin shaihunan ɗariƙa ce, kuma ba a rasa masu inkarinta ba. Shaihu Abubakar Gumi, wanda ya yi elementare a nan Dogon Daji, ya shafe shekaru yana sukar irin waɗannan al'amura a tafsirinsa na rediyon Kaduna, ƙungiyar Izala kuma, tun kafuwarta a Jos a 1978, ta ɗora daga nan. Nasara ma sun yi irin wannan gardama a tsakaninsu, gama Martin Luta, wanda ya tayar da gyaran addininsu a Jamus a 1517, shi kansa rahibi ne da ya tuɓe rigar ya yi aure, kuma majami'un da suka bi bayansa, waɗanda yawancin Kiristocin Arewa suka fito daga cikinsu, galibinsu ba su da gidajen ruhubanawa.

Ni dai ba zan shiga tsakanin malamai a kan halacci ba, ba ni da wannan matsayi. Abin da nake iya faɗa shi ne abin da ɗan aike ya gani daga bakin ƙofa: babu mai halwar da yake shi kaɗai. Kowace sa'a guda ta shirunsa wani ne ya saya masa da guminsa, ko mata, ko ɗa, ko almajiri, ko ɗan'uwan da ya karɓi aikin da ya bari. Saboda haka shiru bashi ne, mai shiga kuwa yana cin bashin tun daga daren farko, kuma ingancin halwarsa ba ya bayyana sai an ga da me ya biya. Manyan Nasara sun san haka. Basiliyo na Kaisariya, wanda ya rasu a 379, ya ƙi fifita zaman kaɗaici na har abada, hujjarsa kuwa ita ce mutumin da ba ya tare da kowa ba shi da wanda zai yi wa tawali'u, ba shi da wanda zai yi haƙuri da shi, ba shi da wanda zai yi wa hidima, to ta ina za a san ya gyaru? Antoniyo kansa, da aka ɓalle ƙofar kangonsa, ya fito ya shiga karɓar masu neman shawara da sulhunta masu husuma, har ya je Iskandariya lokacin da ake gallaza wa mutanensa. Imamu Gazali, wanda harshensa ya ɗaure a gaban ɗalibansa a Bagadaza a 1095 har ya kasa biya karatu, ya fita ya yi ta kulle kansa a hasumiyar masallacin Dimashƙa, sai da ya tanadar wa iyalinsa abin da za su ci kafin ya tafi, bayan shekara 11 kuma ya komo kan karantarwa a Naisaburi, da Ihya'u a hannunsa.

Ba sai mun je Sham ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa yake nan kusa da mu a Gwandu, wajen 1807 ya dubi jama'ar jihadi ya ga zukata sun karkata ga mulki da dukiya da dawaki da tufafin ƙawa, ransa ya ɓaci, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar ya ƙaurace wa kowa ya tafi ƙasa mai tsarki. Da ya isa Kano mutanenta suka tare shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake hukunci, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karanta musu tafsiri, daga nan ya juyo gida ya ci gaba da ɗaukar nauyin da ya gudu ya bari har wafatinsa. Ina ganin babu wanda ya fi shi cancantar uzula a zamaninsa, kuma da ya wuce, da ba mai zarginsa. Amma jama'a suna binsa bashin ilmi, suka kuwa tsare shi a hanya suka karɓa. Garinmu ma da kansa darasi ne a kan wannan, domin Tambuwal ribaɗi ne, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna yana tsaron wannan gefe na daula. Mai ribaɗi yakan bar gida ya kwana a bakin daji ido biyu, amma saboda garin da ke bayansa yake yi, garin kuma shi ke aiko masa da hatsi. In aka wayi gari ya manta da garin, ya ɗauka zaman nasa na kansa ne, to ya tashi daga mai ribaɗi ya koma mazaunin daji kawai.

A nan ne nake ganin ɓarnar zamaninmu, kuma ba zan ɓoye ta ba. Halwa ta zama haja. In zaɓe ya ƙarato sai ka ji an kwashi malamai an kai su wani gida an rufe, ana yanka musu raguna, su ja carbi dubu kaza don wane ya hau kujera. Wasu kuma suna shiga don neman rauhanai da hatimin mallaka. Wannan ko kusa ba ta gamu da abin da muke magana a kai ba, gama mai yinta ya shiga da kasuwar a cikin kansa ya kuma fito da ita ta ƙara cika. I'itikafin ma, na ga samari a goman ƙarshe na azumi sun kafa labule a kusurwar masallaci, hasken waya yana fitowa ta ƙarƙashinsa har Asuba, ƙannensu mata kuwa suna ta jigilar kuloli daga gida. Allah ya karɓa musu; amma da za su tambayi kansu abin da za su mayar wa masu jigilar, da ya fi.

Wani lokaci ƙwaryar takan fito daga inda ba a zata ba. Sharl de Fuko, hafsan sojan Faransa ne da ganin sallar Musulmi a Maroko ya girgiza shi har ya koma ga addininsa, ya zama rahibi, ya tare a Tamanrasat cikin Buzayen Hoggar a 1905, yana zaman shiru yana tattara ƙamus na harshensu. Ba na wanke shi daga alaƙarsa da sojan mulkin mallaka, wadda take cikin abin da ya jawo kashe shi ran 1 ga Disamba 1916. Amma a farkon 1908, ana cikin fari, ya rabar da abincinsa, ciwo ya kayar da shi har ya fid da rai, sai Buzayen nan Musulmi, waɗanda su ma yunwa take ci, suka bi rugage suna neman awakin da ke da sauran nono suka kawo masa har ya tashi. Ya zo ne yana ganin shi ne mai bayarwa. Masu tarihinsa sun ce daga wannan ciwo zamansa da su ya sake.

Na ga irin wannan da idona, a ƙaramin sikeli, sa'ad da aka tura ni koyarwa wani ƙauye a ƙasar Kebbe. Maƙwabcina malamin asibiti ne, Kirista, mutumin ƙasar Zuru, Hausarsa kamar ta kowa. Kullum in na fito sallar Asuba sai in tarar da shi zaune a kan kujera 'yar tsugunno a gindin dogonyaro, Littafi Mai Tsarki na Hausa a rufe bisa gwiwarsa, bakinsa ba ya motsi, in komo in same shi yadda na bar shi. Ran nan na kasa haƙuri na ce, "Malam, wai barci kake yi ko addu'a?" Ya ce, "Malam, na riga na faɗi nawa tun ɗazu, yanzu saurare nake." Ya ba ni labarin Annabi Iliya, wanda mu muke kira Iliyasu, yadda ya gudu zuwa dutsen Horeb ya shiga kogo, aka yi guguwa mai farfasa duwatsu, aka yi girgizar ƙasa, aka yi wuta, duk bai sami Ubangiji a cikinsu ba, sai a wata 'yar murya siririya da ta biyo baya, kuma abin da muryar ta umarce shi shi ne ya koma inda ya fito, akwai aiki. Muna cikin haka uwargidansa ta fito da tsintsiya, wadda ashe kullum takan jinkirta shara da daka, ta tsare yara a ɗaki har ya tashi. Ya nuna ta da haɓa yana dariya ya ce a Linjila akwai 'yan'uwa biyu mata da Almasihu ya sauka gidansu, Maryamu ta zauna tana saurarensa, Marta tana ta fama da hidima har ta kai ƙara, aka ce mata Maryamu ce ta zaɓi rabo mafi kyau. Matar ba ta ɗaga kai daga shararta ba ta ce, "Haka ne, Maigida. Amma da aka gama, tuwon Marta aka ci." Ya yi shiru, irin wanda ba na ibada ba. Da na ƙara lura kuwa sai na ga ranar Asabar shi ke ɗebo ruwa ya tsare yaran, ita ta ɗauki littafin ta tafi gindin itacen.

Baffa ya fito da asubar Babbar Salla, a farkon 1974. Maƙwabta sun taru a zaure tun da duhu, kowa yana so ya fara yin musafaha da shi, wasu suna fatan ya faɗi abin da aka nuna masa game da daminar baɗi. Ya ɗaga tufaniya, ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa, idonsa yana ƙyaƙyƙyafawa. Bai nufi zaure ba. Ya taka a hankali zuwa rumbu, ya sa ni na riƙe masa tsani, ya hau ya leƙa, ya daɗe kansa a ciki. Da ya sauko ya tafi bakin madafa inda Inna take hura wuta, ya tsaya, ya kira ta da sunan ɗanta na fari kamar yadda ya saba, ya ce, a gabanmu duka, abin da ban taɓa jin namiji ya faɗa wa matarsa ba a wancan zamani: "Ki gafarta mini." Ta ce, "Allah shi gafarta muna baki ɗai, Malam. Ruwan wanka na nan."

Ba mu yi layya ba a shekarar. Kwana uku bayan Salla ya naɗe rigarsa ta saƙi, wadda yake zuwa Idi da ita, ya ba ni in kai wa dillali, kuɗin kuma ya sa aka auno dawa. Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, bai sake shiga ta kwana 40 ba. I'itikafin goman ƙarshe ne bai taɓa bari ba, shi ma sai ya hau tsani ya leƙa rumbu tukuna. Ƙwaryar kuwa Inna ta wanke ta, ta kife a rana, da ta bushe ta mayar da ita kan ragaya tare da sauran.